Tambayi Gwaggo: Sau biyu ina ba Yayata jari yana narkewa

Gwaggo, barka da aiki. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a Abuja, albashina bai taka kara ya karya ba. Yayata tana Funtuwa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun muna yara ta iya. Da ta fita takaba a 2023 na ba ta naira dubu 50 ta ja jari. Ba a yi wata shida ba, babu ko sisi. Na sake haɗa dubu 80 na tura mata, su ma suka bi sahun na farko. Yanzu ta daina suyar gyaɗa, sai wankau da surfe take yi a gidajen mutane. Matata ta ce ruwa nake zubawa a kwando. Ni kuma nauyin tambayarta nake ji, don ita ta goya ni. In sake ba ta ne, ko in haƙura in riƙa tura mata na cefane kawai?
*Wani ƙane, daga Abuja*

Ɗana, Allah ya jiƙan mijin yayarka, ya raya marayun nan, kai kuma ya saka maka da alheri. Ka sake ba ta. Amma ba yadda ka ba ta a baya ba.

Na san abin da ke ranka ko da ba ka rubuta shi ba: kana zargin ko almubazzaranci ta yi. Ina rantse maka da wuya. Macen da ta yarda ta sunkuya tana yi wa wasu wankau ba ita ce mai facaka da dubu 80 ba. Kuɗin nan hanyoyin fitarsu sanannu ne, duk wadda ta taɓa sana'ar cikin gida za ta lissafa maka su ido rufe.

Ka fara duba lokacin da ka ba ta. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala ta yi sama. Zuwa Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, na abinci kuwa ya taɓa kashi 40 a tsakiyar shekarar. Yanzu bari mu ɗauki misali, farashin nawa ne na ƙirƙira don lissafi ya fito fili. A ce tiyar gyaɗa naira 2,500 ce ranar da ka turo kuɗi. Dubu 50 sun saya mata tiya 20. Ta soya, ta murje, ta kai inji, ta matse mai, ta toya ƙuli, ta sayar duka ta haɗa dubu 58 bayan ta cire itace da kuɗin markaɗe. A wurinta ta ci ribar dubu 8, kuma halal ɗinta ne ta sa a tukunya. Ta koma kasuwa da dubu 50 ɗinta cif, sai ta tarar tiya ta koma 3,000. Yanzu tiya 16 da ɗan ɗori za ta samu. Ta sake juyawa, tiya ta kai 3,500, jarin da take gani bai taɓu ba ya dawo tiya 14, in ma ta iya sake haɗa dubu 50 ɗin daga gyaɗar da ta ragu. Ba ta ci ko kwabo daga uwar kuɗi ba, amma kashi ɗaya cikin uku na jarin ya kusa tafiya. Shi ya sa kullum nake gaya wa mata su ƙirga jarinsu da tiya ko da mudu, kada su ƙirga da naira. Riba ita ce abin da ya saura bayan kin mayar da tiya 20 ɗinki, a farashin yau.

Sai tukunya. Lokacin da mijinta ke raye, ko yaya yake, shi ke kawo hatsi, ribar ƙuli kuma ta tafi a sabulu da omo da kuɗin tara na yara da ɗan adashi. Yau sana'ar da aka gina don ta ɗauki sabulu ita aka ɗora wa ciyar da baki biyar, da kuɗin makaranta, wataƙila har da haya. Ranar da ba a yi ciniki ba yara ba za su kwana da yunwa ba alhali ga kuɗin gyaɗa a ƙulle a bakin zani. Ni ma da ni ce zan kwance. Ka ƙara da zazzaɓin damina: yaro ɗaya ya kwanta, a yi gwaji, a yi allura, a ƙara ruwa, ribar wata guda ta tafi a kwana biyu.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi, bashin maƙwabta. Mai shago a bakin titi yana iya ɗaure fuska. Mai sana'ar cikin gida ba ta da wannan damar, domin masu sayenta su ne waɗanda take gaisawa da su ta kan katanga. Yarinya za ta shigo da kwalba a hannu ta durƙusa: "Wai in ji Mama a ba ta mai na ɗari biyar, in Baba ya dawo za a kawo." Baba ya dawo, ya sake fita, ya sake dawowa. Gobe yarinyar ta sake shigowa da kwalbar. Kuma wannan Maman ita ce ta zauna da yayarka kwana bakwai lokacin rasuwa, da wane baki za ta ce a'a? Ka je ka tambaye ta, a hankali, nawa take bin mutanen layinsu. Za ka sha mamaki. Ban ma taɓo anko da gudummawar biki ba, waɗanda in ba ta yi ba ranar aurar da tata 'yar za ta zauna ita kaɗai.

To me za ka yi?

Ka raba kuɗin gida biyu, ka kuma faɗa mata da bakinka: wannan na ci ne, wannan na juyawa ne. In ƙarfinka dubu 80 ne a shekara, ni da zan zaɓa maka, gara ka sa rabi a gyaɗa, rabin kuma ka riƙa tsinka shi kana aika masara ko gero duk wata. Jari kaɗan da yunwa ba ta taɓa shi ya fi jari mai yawa da ake yagar sa kullum. In akwai sauran 'yan'uwa, wannan ne wurin da za ka tara su: wani ya ɗauki hatsi, wani ya ɗauki makarantar yaro ɗaya. Dangin mijin ma marayun nasu ne, a tuna musu cikin mutunci.

Rabin jarin kuma kada ka tura shi ta waya a watan da ka ga dama. Ka jira kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa farashi ya sauka. Yayarka tana zaune a tsakiyar ƙasar noma, Funtuwa da Dandume da Bakori duk kasuwannin hatsi ne, ta fi ka sanin inda ake samun mai kyau. Ta zaɓa da idonta, kai ka biya. Buhu a ɗaka ba ya tsinkewa ɗari biyar-biyar yadda kuɗi ke yi, kuma in farashi ya tashi da bazara tare da shi zai tashi. Sai dai a tabbata ta bushe sarai, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi.

Bayan haka, ka nemo mata mai saye. Wannan ya fi kuɗin da za ka ba ta. Kowane mai tsire da mai balangu yana buƙatar ƙuli don yaji, kullum, da yawa, kuma ba ya aiko yarinya da kwalba. Mai tsire biyu da ke karɓa duk mako suna biya nan take sun fi gida talatin na layi. Kai kanka kana Abuja, inda abokan aikinka ke sayen mai a kanti ba su san da me aka haɗa shi ba. Galan huɗu ko biyar duk wata ta hannun direban da ka yarda da shi, a biya kafin a ɗora. Kuma in kai ne mai saye, ka biya cikakken farashi. Na ga 'yan'uwa da yawa da za su ba mace jari da hannun dama, sannan duk zuwa gida su tafi da galan ɗin mai a matsayin tsaraba.

Maganar bashi, ka ba ta abin fakewa. Ta riƙa cewa, "Kayan ƙanena ne, lissafi yake yi da ni." In ka sayi buhun ka ce mata amana ne tsakaninku, ba ƙarya ta yi ba. Wanda ya zama dole ta ba shi, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rowa ba ce. In ba ta yi boko ba, ta rubuta da ajami, ko babban yaron ya riƙe littafin. Wanda bai biya na jiya ba, ba a ƙara masa na yau.

Akwai kuma wani abu da maƙwabtanmu na Nijar suka riga mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara, yau kuma ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata kamar 15 zuwa 30 ne da suka san juna ke haɗuwa duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda ke buƙata ta ranta ta mayar cikin 'yan watanni, in shekara ta zagayo a fasa a raba gwargwadon zubin kowa. A gefe guda akwai ɗan ƙaramin zubi na taimakon juna, don ciwo ko haihuwa ko gobara. Wannan ƙaramin zubin shi ne ya bambanta shi da adashin da muka gada. Adashi yana ba ki kuɗi ranar da kwasarki ta zo, ba ranar da yaro ya kwanta ba, kuma duk yana rataye a wuyan uwar adashi ita kaɗai. In ana tsoron kuɗin ruwa, sai a yi rancen babu ƙari, ƙungiya ta nemi ribarta ta hanyar sayen hatsi da kaka a sayar da bazara. Ko babu wata ƙungiyar waje da ta zo, matan layinsu za su iya sayen akwati da kwaɗo uku.

Abu biyu zan roƙe ka. Kada ka zama mai binciken kuɗi a kan wadda ta goya ka, kana bugo waya duk Juma'a kana tambayar nawa ya saura. Kuma kafin ka sayi ko tiya ɗaya, ka zauna ka tambaye ta ko har yanzu tana son sana'ar. Matsar mai da hannu aikin ƙarfi ne, yana cin ƙirji da baya, ga hayaƙin suya. Wataƙila abin da take buƙata kuɗin kai wa injin matsa ne, wataƙila kuma tunkiya biyu take so ta ɗaure. Ita ta san jikinta.

Matarka kuma kada ka ga laifinta, gidanta take karewa. Ka nuna mata lissafin, ka sa ta cikin masu nemo masu sayen mai.

Gwaggo, ina yin awara a Tudun Wadan Zariya. Wasu ma'aikatan ƙaramin banki sun zo unguwarmu sun ce mu haɗu mu goma, za a ba kowace dubu 100, ruwa kashi 5 kacal, ana biya duk mako har wata shida. Ƙawayena sun matsa in shiga don a cika goma. Wata kuma ta nuna min manhajar waya da ke ba da rance cikin minti biyar. Wanne ya fi?
*Mai awara, Zariya*

'Yata, ta wayar dai ki goge ta. Irin waɗannan manhajojin suna neman izinin shiga lambobin da ke wayarki kafin su ba ki ko naira ɗaya, in kin makara kuma su aika wa surukarki da malamin Islamiyyar yaranki saƙon cewa ke ɓarauniya ce. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, ta kuma wajabta musu rajista. Ko masu rajistar, rancen mako biyu ko wata ɗaya ba na mai awara ba ne.

Na bankin kuma, ki koma ki tambaye su: kashi 5 ɗin na wata ne ko na dukan wata shidan? Kusan kullum na wata ne, kuma a kan dubu 100 ɗin farko ake lissafa shi har ƙarshe. In haka ne, dubu 5 ne duk wata, dubu 30 a wata shida, za ki mayar da dubu 130. Raba su a mako 26, dubu 5 ke nan duk mako, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ko kina da lafiya ko kina kwance, ko azumi ne ko ranar da waken ya ƙi kamawa. Ki lura kuma, in an yi wata uku kin riga kin mayar da rabin kuɗinsu, amma ruwan cikakken dubu 100 kike ci gaba da biya, don haka ainihin tsadar ta kusa ninkin abin da suka faɗa. Sannan ki tambayi nawa za a damƙa miki a hannu. Akwai kuɗin fom, akwai inshora, akwai ajiyar dole da ake riƙewa. Mai yiwuwa dubu 87 ko 90 za ki ƙirga. In za su riƙe ajiyarki, ki tabbata bankin yana da lasisin Babban Banki kuma yana ƙarƙashin NDIC, hukumar inshorar ajiyar bankuna, wadda tun 2024 take lamunce ajiyar ƙananan bankuna har naira miliyan 2.

Maganar "mu goma" ita ce ƙashin bayan abin. Ba don zumunci suke haɗa ku ba. Ku ne jinginar juna. Ranar da ɗaya ta gudu ƙauye, tara ne za su biya, kuma ba a tashi daga zaman mako sai kuɗin sun cika. Na ga matan da suka sayar da katifa da tukwanen aurensu a kan bashin da ba su ci ba. Ki dubi tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki ko za ki iya biya wa kowace.

Ban ɓoye miki ba, ni kuɗin ruwa ba na ba kowa shawarar ya ci ko ya bayar, hukuncinsa a addini ba ɓoyayye ba ne. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, da wasu bayansu. Su saya miki kayan suke yi, inji ko buhu, su sayar miki da ribar da aka yanke tun farko, wato murabaha. Mace ɗaya mai kasko ɗaya da wuya ta cika sharuɗɗan banki kowane iri ne, amma ƙungiya mai rajista da littafin zubi na shekara guda tana da bakin magana.

Sai dai ga tambayar da ba ki yi ba. Me za ki yi da dubu 100? Mudu nawa na waken suya kike jiƙawa a rana, kuma yana ƙarewa ko yana kwana? In yana kwana, ba jari ne ya yi miki kaɗan ba, masu ci ne, kuma ko an ba ki miliyan layinku ba zai ƙara cin awara ba. In kuwa kullum kafin la'asar ta ƙare mutane na komawa, to ƙarin mudu biyu ko uku kike buƙata, wannan kuma adashin wata ɗaya ya isa. Rance yana da ma'ana ne in akwai wani abu takamaimai da zai biya kansa, kamar makarantar da ta ce ki riƙa kawo wa ɗalibai kullum. Cika wa ƙawaye goma ba ya cikin wannan.

Gwaggo, wani ya zo da fom ya ce tallafin gwamnati ne na mata masu ƙananan sana'o'i, a biya dubu 3 a ba da lambar BVN. Gaskiya ne?
*Wata uwa, Birnin Kebbi*

Kada ki biya, kada ki ba shi lamba. Tallafin gwamnati na gaske an yi su: TraderMoni da aka fara a 2018 ta hannun Bankin Masana'antu, rancen dubu 10 ne ga masu ƙananan sana'a, a 2024 kuma an raba kyautar dubu 50 ga masu sana'o'i mafi ƙanƙanta. Babu wanda aka ce a sayi fom ɗinsa. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi don a ba ki kuɗi, ko ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki, asusunki yake nema.

Ke da kike Kebbi ma kina da inda za ki tambaya. Jiharku na cikin jihohi shida, tare da Neja da Taraba a nan Arewa, da aka fara wani shirin tallafa wa mata da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 100 a 2018, a 2023 kuma aka amince da ƙarin dala miliyan 500 don faɗaɗa shi. Shi ma ta ƙungiyoyin zubi na mata yake bi, ba ta mai yawo da fom gida-gida ba. Ki je Ma'aikatar Mata ko sashen mata na ƙaramar hukumarku da ƙafarki. Ki yi katin NIN ɗinki, ki buɗe asusu da sunanki, ba na miji ko na ɗa ba, don ranar da abin ya zo ya same ki a shirye. Amma kada ki ajiye sana'a kina jiran sa.

Gwaggo, ɗanwake nake yi, maigida bai yarda in fita ba. 'Yata mai shekara 11 ke kai min talla da safe, sai ta makara ko ta rasa makaranta. Malamarsu ta aiko sau biyu. In na hana ta talla, ba mu da na sabulu. Yaya zan yi?
*Maman 'yan mata, Haɗeja*

Ba zan yi miki wa'azi ba, 'yata, don masu cewa a hana talla yawanci ba su taɓa tambayar yadda kayan matar da ke cikin kulle za su isa titi ba. Tun kakanninmu yara ne ƙafar uwa, da kuɗin tallar ake tara wa yarinya kayan ɗaki. Amma titin da kakarki ta yi talla ba shi ne na yau ba, kin fi ni sanin abin da ke faruwa da 'yan mata a tasha da gareji da kangon gini. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, firamare da ƙaramar sakandare. Yarinyar da ta iya karatu da lissafi ita ce gobe za ta riƙe miki littafin bashi, ta duba miki ko kuɗi sun shigo waya da gaske.

Abin nema shi ne wata ƙafar. Ɗanwake abincin safe ne na masu aikin ƙarfi, kuma masu cin nan ba sa canzawa: teloli, makanikai, masu faci, leburori. 'Yarki ta san su ɗaya bayan ɗaya. A tambaye su wa ke so kullum, kwano nawa. In an san adadi ba sai an yi yawo ba, kai wa ne kawai, aikin minti ashirin kafin a buga ƙararrawa, kuma yaro namiji babba ko almajirin gidanku zai iya, a ba shi ladansa da kwanonsa. Mai shayi ko mai shagon bakin layi zai iya karɓar kula ɗaya ya sayar ya cire nasa. Ribarki a kowane kwano za ta ragu, gaskiya ne, amma babu wanda zai zube a hanya, babu canjin da zai ɓata. Ki sa a rubuta "Akwai ɗanwake" da alli ko gawayi a jikin ƙofar gida, yara su shigo su saya. In kina da babbar waya, ki ɗora hoton a WhatsApp tun daren jiya, matan da suka gaji da girkin safe suna nan da yawa. Ki kuma haɗa da wata sana'ar da ba ta lalacewa, kamar daddawa ko kuka ko garin ɗanwaken kansa a ƙulle, waɗanda dillaliya za ta iya ɗauka ta shiga da su gidaje.

In dole sai yarinyar ta fita, to Asabar da Lahadi, da rana, cikin unguwa, tare da wata, kuma ba ta shiga ɗaki ko shagon kowa don karɓar kuɗi.

Maigidan kuma a zauna da shi. Sabulun da kike magana a kai, da ci da sha da sutura, a shari'a wuyansa suke, abin da kika samu da hannunki kuma naki ne. Tun da shi ya zaɓi ki zauna a gida, kuma yana cin moriyar sana'ar, to ya ɗauki kular ya ajiye wa mai shayi a hanyarsa ta fita, ya karɓo kuɗin da yamma ya kawo miki cif. In ya ce girmansa ya wuce ɗaukar kula, ki kai maganar wurin wanda yake jin nauyi, mahaifinsa ko limamin masallacinsu, ki tafi da takardar da malamar ta aiko.